Tambaya: yaya mabiya Hindu suke amfani da zanen Shri Yantra a ibadar cikin gida?

Ɗalibar Samaru ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da yayye. Ina haɗa takardar da zan gabatar a darasin kwatanta addinai, batun da aka ba ni shi ne Shri Yantra, zanen nan na alwatikai masu sarƙe da juna da mabiya addinin Hindu ke ajiyewa a ɗakin bautarsu na gida. Neman sani ne kawai, don a faɗi abin mutane yadda yake ba tare da ƙari ko ragi ba.

Yawancin abin da ke intanet tallar masu sayarwa ne, wai ka saya ka ajiye kuɗi su shigo. Ni kuwa ainihin aikin nake son ji. Me ke cikin zanen, sashe bayan sashe? A ina ake ajiye shi, kuma ina yake fuskanta? Me mai gida yake yi masa kullum, da wane kaya, kuma me ya zo kafin me? Su kansu me suke ɗauka kuskure? Sannan wani a ajinmu ya ce ai hatimi ne kawai irin na Indiyawa, shin haka ne? Allah Ya saka da alheri.

Malam Na-Madras ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da raba abu biyu, don in ba ki raba su ba duk abin da za ki karanta zai yi ta karo da juna. Akwai zanen da aka saya aka ajiye haka nan, akwai kuma wanda aka yi wa hidimar da suke kira prana pratishta, wato malamin bauta ko guru (jagoran mutum a wannan hanya) ya karanta mantra (kalmomin addu'arsu) ya gayyaci abar bautar ta zauna a cikinsa. Na farkon abu ne mai daraja da ake kallo a tattara hankali, ko a kunna masa fitila in an samu dama. Na biyun kuwa, a wurinsu, ita ce da kanta a cikin gidan. Daga ranar da aka yi wannan hidima sai an ba ta ruwa da fure da haske da abinci kowace rana, babu hutu, babu tafiya a bar ta. Kusan duk dokokin da za ki ji masu tsanani na biyun ne.

Abar bautar da zanen ke wakilta ita ce Lalita Tripurasundari, kuma tafarkin da ya keɓanta da ita sunansa Shri Vidya, wanda ya fi ƙarfi a kudancin Indiya, jihohin Tamil Nadu da Andhra Pradesh da Karnataka da Kerala, kodayake yana da tsohon tushe a Kashmir. Su masu tafarkin sun fi kiran zanen Shri Cakra. A babban ɗakin bautar Kamakshi (ita ce dai Lalita da wani suna) da ke garin Kancipuram a Tamil Nadu, akwai shi a gaban siffar abar bautar, kuma a kansa ake yin hidimar.

Zanen kansa. Manyan alwatikai tara ne aka ɗora wa juna. Huɗu suna kallon sama, su ne ɓangaren Shiva, abin bautarsu namiji, biyar suna kallon ƙasa, su ne ɓangaren Shakti, abar bautarsu mace. Sarƙewarsu ta haifar da ƙananan alwatikai 43. Mai ibada yana kallon abin a matsayin gida mai zagaye tara, yana shiga daga waje zuwa ciki. Na farko shi ne katangar waje, murabba'i mai layi uku da ƙofa huɗu, suna kiranta bhupura. Daga nan sai fure mai ganye 16, sai fure mai ganye 8. Tsakanin katanga da furanni yawanci akwai da'ira uku, amma galibi ba a ƙirga su cikin taran. Bayan furanni sai zoben alwatikai 14, sai na 10, sai wani na 10 a cikinsa, sai na 8, sai alwatika ɗaya tilo a tsakiya. Ki haɗa za ki ga 43 ɗin nan ne. Na tara shi ne ɗigon tsakiya, bindu, mazaunin Lalita. Kowane ganye da kowace alwatika akwai wata ƙaramar abar bauta mai suna da aka ba wa wurin. Katangar waje kaɗai tana ɗauke da 28: goma a layin farko, takwas a na biyu, goma a na uku. Akwai wani karatu da ake kira Khadgamala wanda ke jero sunayen nan duka bi da bi daga ƙofa har ɗigo, kuma mutane da yawa shi kaɗai suke karantawa a maimakon doguwar hidimar.

Siffa iri uku ake yi. Shimfiɗaɗɗe a kan faranti, shi ne ya fi yawa a gidaje. Mai ɗan tudu kamar bayan kunkuru. Sai Meru, wanda aka ɗaga kowane zagaye ya zama hawa, ɗigon ya koma ƙololuwa. Meru shi ne malamai suka fi tsanantawa a kai, da yawansu ba sa yarda a ajiye shi a gidan da ba za a iya yi masa hidima kullum ba.

Wurin ajiya: kusurwar arewa maso gabas ta gida suka fi so. Ba a ƙarƙashin matattakalar bene ba, ba a jikin bangon makewayi ba, in kuma ɗaki ɗaya ne ake kwana a ciki to ana sa masa labule ko ƙaramin kabad mai murfi. Ba a ɗora shi a ƙasa kai tsaye. Ana samun ɗan dakalin katako, a shimfiɗa jan ƙyalle, a sa faranti, sannan a kwantar da shi a kai. Kalmar kwantarwa ɗin nan ki riƙe ta. Wanda aka yi wa prana pratishta a kwance yake zama, ba a rataye shi a bango kamar kalanda. Mai ibada ya zauna yana fuskantar gabas, ko arewa in gabas ba ta samu ba, kuma tsinin ƙaramar alwatikar tsakiya ya kalli mai ibadar. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a gidajen da suka saya ba tare da malami ba: zanen yana kama da daidai ko ta ina aka juya shi, sai a ajiye shi kai a ƙasa. Hanyar ganewa ita ce alwatikar da ke kewaye da ɗigon, ba manyan ba.

Girma kuma, ƙa'idar da aka gada ita ce abin bautar gida kada ya wuce ɗani guda, wajen santimita 22 ko 23. Mafi yawan waɗanda ake ajiyewa inci 3 ne zuwa 6 kowane gefe. Dalilinsu shi ne gwargwadon girmansa gwargwadon abincin da hidimar da zai buƙata.

Maganar hatimi, abokin karatunki yana da ɗan gaskiya amma ba a nan ba. Akwai wasu yantra, wato zane-zanen ibada, masu lambobi, misali na Kubera, wanda suke ɗauka ma'ajin dukiya: gida tara, lambobi daga 20 zuwa 28, 24 a tsakiya, ta kowane layi kika haɗa 72 za ki samu. Wannan kam tsarin lissafinsa irin na hatimi ne. Shri Yantra babu lamba a cikinsa, kuma aikinsa ba ya ƙarewa da rubutawa a naɗe a ajiye. Mazauni ne da ake ziyarta kullum.

Injiniya Mai Kamfas ya rubuta:

Malam ya kawo tsarin, ni kuma zan ƙara a kan zanawar, don a nan ne kasuwa ta fi cutar masu saye.

Tsohuwar hanyar da aka gada ita ce a zana da'ira, a ja layi daga sama zuwa ƙasa ta tsakiyarta, a raba shi kashi 48. Sai a ja layuka tara a kwance a kan kashi na 6, 12, 17, 20, 23, 27, 30, 36 da 42 in an ƙirgo daga sama. Biyar na sama su ne gindin alwatikai masu kallon ƙasa, huɗu na ƙasa su ne gindin masu kallon sama. Layi na uku da na bakwai ne kaɗai ake bari su taɓa da'irar ta gefe biyu, su ne gindin manyan alwatikai biyu. Sauran bakwai ana rage musu tsawo daga kowane gefe. Alwatikar tsakiya gindinta a layi na biyar yake, tsininta ya sauka a na shida, ɗigon kuma ya faɗa kusan daidai tsakiyar da'irar.

Wahalar tana wuraren da layi uku ke haɗuwa a ɗigo ɗaya. Suna kiransu marma, kuma a zanen da aka saba gani guda 18 ne. In aka kuskure ko da rabin milimita, layukan ukun ba za su haɗu ba, sai wata 'yar mitsitsiyar alwatika ta ɓulla a wurin. Daga nan lissafin 43 ya rushe, ya zama 45 ko 50, kuma a wurin masu tafarkin wannan ba Shri Cakra ba ne, wani zane ne daban. Kuma ba a gyara wuri ɗaya a huta, domin kowane layi yana ratsa mahaɗa fiye da ɗaya. Ka matsar da shi ya daidaita nan, ya ɓace can. Ita kanta hanyar 48 ɗin kusantarwa ce, kaurin layin ne ke rufe 'yar ɓarakar da ta rage. Shi ya sa masu aikin gaggawa ke kauraro layi su ɓoye kuskure, ko su cike mahaɗar da ɗigon fenti.

Wanda ya san abin yakan duba faranti kafin ya biya. Ya sa gilashin ƙara girma a kan mahaɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙirga zobban: 14, 10, 10, 8, 1. Ya duba tsinin kowace alwatika ya tsaya cak a kan layin da ya kamata, bai tsallake ba bai gaza ba. Ya ga ɓangaren dama da na hagu sun yi daidai, ya ƙirga ganyen furanni, don akwai na bugun inji da ke fitowa da 15 ko 17 saboda lalacewar tambari. Ya kuma tabbata ɗigon bai jingina da wani gefen alwatikar tsakiya ba. A na Meru ana ƙara duba cewa ƙololuwar ba ta karkata ba, kuma ba a haɗa shi da guntaye biyu aka liƙe ba. Da yawa sun fi son wanda aka zuba gaba ɗaya, cikinsa a cike, a kan mai rami.

Ɗalibar Samaru ta rubuta:

Na gode ƙwarai Malam da Injiniya, yanzu na gane dalilin da hotuna biyu da na samu ba su yi daidai da juna ba. Saura hidimar ta kullum. In mai gida ya tashi da safe, me yake yi daga farko har ƙarshe? Kuma kowa ne ke iya yi, ko sai wanda aka ba izini?

Yaya Hajjo ta rubuta:

Ƙanwata, mataki uku ne, kuma bambancinsu na lokaci da izini ne.

Na ƙasa shi ne hidima biyar, wadda ba ta wuce minti goma zuwa sha biyar, kuma kowa na iya yi. Mutum ya yi wanka, ya sa tufa mai tsabta, ya cire takalmi da duk wani abu na fata kafin ya shiga, cikinsa kuma babu komai. Ya kwashe furannin jiya, ya goge farantin da busasshen ƙyalle mai laushi. Ya kunna fitila mai lagwanin auduga: in ta man shanu ce a daman abar bautar, in ta man riɗi ce a hagunta. Ya zauna a kan tabarma ko ɗan katako, ya kurɓi ruwa sau uku daga tafin damansa, ya faɗi niyyarsa da ranar da wurin. Ganesha, abin bautarsu mai kan giwa, ake fara ambata kafin kowa, sannan guru. Daga nan sai abubuwa biyar ɗin bi da bi: ɗigon kwaɓaɓɓen sandal, fure, turaren wuta, nuna fitila, abinci. Ƙararrawa a hagu, miƙawa da dama. A ƙarshe a kunna kafur a zagaya shi a gaban zanen ta dama sau uku, mutum ya juya a inda yake tsaye sau uku tunda babu wurin kewaya dakalin, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Na tsakiya shi ne hidima sha shida, wadda ake yi ranar Juma'a, da daren cikar wata, da kwanaki tara na bikin Navaratri, musamman wanda ke faɗowa tsakanin Satumba da Oktoba. An tsara ta ne a kan yadda ake karɓar babban baƙo: a gayyato, a ba da mazauni, ruwan wanke ƙafa, na hannu, na kurkure baki, wanka, tufa, ado, sannan biyar ɗin can na sama, sai ganyen betel da ƙwayar da ake taunawa da shi, da sauransu. Jerin yakan ɗan bambanta daga gida zuwa gida. Wankan shi ne inda aiki yake. Ana sa zanen a faranti mai zurfi, a zuba abu biyar da suke kira pancamrita: madara, kindirmo, man shanu, zuma, sukari. Babu ma'aunin da aka wajabta, amma ga faranti mai inci 3 ko 4, babban cokali huɗu na madara, biyu na kindirmo, da ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya na sauran ukun sun wadatar. Wasu na zuba kowanne daban su bi shi da ruwa, wasu na haɗawa. Bayan haka a ɗauraye da ruwa mai yawa, a tsane sarai kafin a sa komai a kai. Abin da ya taru a farantin ana ɗan raba wa 'yan gida, sauran a zuba a gindin bishiya inda ba a takawa, ba a kwata ba. Busassun furanni ma can suke zuwa, ba kwandon shara ba.

Sai zuba kumkum, jan garin nan da matansu ke ɗigawa a goshi. Ana karanta sunayen Lalita, a kowane suna a ɗebi ɗan kaɗan da babban yatsa da na tsakiya da na zobe a saki a kan ɗigon. Ba a sa manuniya. Akwai jerin suna 108, akwai na 300, akwai na 1000 wanda ake kira Lalita Sahasranama, shi kan ci kusan awa guda in ana zubawa a kowane suna. Furen da aka fi so ja ne: hibiskus ja, wardi, lotas. Ba a sansana shi kafin a miƙa, ba a ɗaukar wanda ya faɗi ƙasa. Akwai tsohuwar ƙa'ida da ta hana ba abar bauta mace ciyawar durva, irin kirikirin nan, alhali ita ce Ganesha ya fi so, don haka in su biyun suna dakali ɗaya sai an kula kada a cakuɗa.

Abinci: shinkafa da madara mai zaƙi ita ce kan gaba, sai shinkafa da mazarƙwaila, da kindirmo, da kurkum, da man shanu, ko da wani ɗan koren wake nasu. Dukkan shidan an ambace su a cikin sunaye dubun nan a matsayin abin da take so. Ba albasa, ba tafarnuwa, kuma mai dafawa ba ya ɗanɗanawa kafin a miƙa. Ranar da babu lokaci, ayaba biyu ko ɗan kofin madara ya isa. Abin da ba sa so shi ne ranar ta wuce babu komai.

Na sama shi ne navavarana, bautar zagaye tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, awa biyu zuwa huɗu. Wannan sai wanda guru ya ba izini, suna kiran izinin diksha, kuma ya karɓi mantra daga bakinsa: na farko mai gaɓa 3, sai Pancadashi mai 15, sai Shodashi mai 16. Ana haɗa ruwa iri biyu, ɗaya ruwa ne da aka yi wa karatu, ɗayan madara ce da zuma da za'afaran da kadamom. A kowane suna hannun dama ya saki fure da ƙwayar shinkafar da aka rina da kurkum, hagu kuma ya ɗiga madarar da guntun ɗanyar citta. Ba ko'ina ake bi ta dama ba, misali ganye 16 ana farawa daga wanda ke gaban mai ibada a zagaya ta hagu, shi ya sa ba a koyon abin daga littafi kaɗai. A wani reshe na tafarkin da ake kira Kaula asalin abin giya ne da nama, madarar da cittar maye gurbinsu suka yi, kuma su ne ake amfani da su a akasarin gidaje.

In aka yi mutuwa ko haihuwa a gida, 'yan gidan ba sa taɓa dakalin na wajen kwana goma zuwa sha uku, gwargwadon al'adar dangi, sai wani daga waje ya riƙa yi. In tafiya ta kama, ko a tafi da shi a cikin akwati, ko a kai wa wani mai izini ya riƙe.

Malam Na-Madras ya rubuta:

Yaya Hajjo ta gama magana, sai dai a kan izini kada ɗalibarmu ta rubuta shi kamar kowa ya yarda. Masu tsanantawa suna cewa ko ajiye Meru bai halatta ga marar diksha ba, wasunsu ma har karatun Khadgamala suna hanawa. Amma akwai Devipuram kusa da Anakapalli a Andhra Pradesh, inda aka gina ɗakin bautar gaba ɗaya a siffar Meru mai hawa uku, faɗinsa ƙafa 108, aka buɗe a 1994. Wanda ya kafa shi, Amritananda Natha, masanin kimiyyar nukiliya ne kafin ya koma wannan hanya, kuma koyarwarsa ita ce a buɗe wa kowa, mace da namiji, ba tare da duba asalin dangi ba. Saɓanin yana nan har yau, ki kawo ɓangarorin biyu.

Baba Maƙeri ya rubuta:

'Yata, ni ta wajen ƙarfen zan shigo, don rabin abin da suke kira rashin sa'a da zanen a gaskiya rashin wanki ne.

Jan ƙarfe aka fi yi da shi, sai azurfa, sai zinariya ga mai hali, sai haɗin ƙarfe biyar, sai wani farin dutse garai-garai da suke kira sfatika. Akwai wani tsohon baiti da malamansu ke kawowa wanda ya ba kowanne wa'adi: zinariya iya rayuwa, azurfa shekara 22, jan ƙarfe 12, wanda aka rubuta a ɓawon itacen bhurja rabin haka. In ka dubi yadda layin jan ƙarfe ke cinyewa da guga, za ka ga lissafin bai yi nisa da gaskiya ba.

Kindirmo da zuma suna da tsami, jan ƙarfe kuma ba ya shiri da tsami. In aka yi wankan nan aka bar saura a cikin ramukan layi, kwana biyu zuwa uku za a ga kore-kore ya fito. Wannan koren guba ne, kuma ranar wanka na gaba zai bi madarar da za a raba wa yara. Saboda haka ba a haɗa pancamrita a kwanon jan ƙarfe, sai na azurfa ko na silba, kuma ba a barin ta ta jima a kan farantin. Man shanu kuwa lokacin sanyi daskarewa yake a cikin layuka ya kama ƙura. Maganinsa ruwa mai ɗumi da tsohon buroshin goge baki mai laushi da aka keɓe don wannan aiki. In ƙarfen ya yi duhu, jiƙaƙƙiyar tsamiya da ɗan gishiri, ko lemun tsami, a shafa da yatsa minti ɗaya, a ɗauraye, a tsane nan take. Sau ɗaya a wata ya isa. Soson waya da toka mai tsakuwa su ne ajalin zanen, domin na kasuwa da yawa zurfin layinsu bai kai kaurin farce ba, shekara biyu ana dirza za a nemi alwatikan tsakiya a rasa. Wanda aka yi wa ruwan zinariya ko aka shafa wa man sheƙi ba a sa masa tsamiya ko kaɗan, zai yi dabbare-dabbare.

Kumkum na gaske kurkum ne da aka haɗa da ɗan farar ƙasar ƙonannen dutse, wadda suke kira cuna, ita ke mayar da shi ja. In ya haɗu da danshi a kan ƙarfe yakan kafe ya toshe layuka ya bar tabo, shi ya sa Hajjo ta ce a tsane sarai. Wasu gidajen ma ba sa zubawa a kan zanen, sai su sa ƙaramin faranti a gabansa. Akwai kuma mai araha ja wur da ake rinawa da sinadari, an sha samun dalma a cikin irinsa, ga shi kuma yara na shafawa a goshi suna kai hannu baki.

Na dutse shi ma yana da nasa. Yawancin masu araha gilashi ne aka zuba. Na gaske ya fi sanyi a hannu, yana iya karce gilashi, kuma ba za ka ga kumfar iska mai zagaye a cikinsa ba, sai dai 'yan jijiyoyi da gajimare. Ba a zuba masa ruwan zafi, sauyin zafi farat ɗaya na tsaga shi. Wanda ya tsage ko ya guntule, ko na ƙarfe da layinsa ya shafe, ba sa ci gaba da bautarsa. Ana yin karatun sallama, a saka shi a kogi ko a kai ɗakin bauta. Ba kowane zane ne ma ake wa wanka ba: na ɗakin bautar Mangadu da ke kusa da birnin Cennai da haɗin tsirrai aka yi shi, don haka kumkum kaɗai ake zuba masa. Na takarda da ke cikin firam ma haka, sai dai a yayyafa ruwa a gabansa da fure.

Kafur kuma a kula. Wanda ake kunnawa daban, wanda ake ɗan sa wa a madara daban, shi wannan na ci ne kuma ƙwaya kamar ta gero ta isa kofi guda. Farin ƙwallon nan da muke sa wa a akwatin tufafi muna ce masa kafur ba ko ɗaya ba ne daga cikinsu, guba ne, in aka kunna shi baƙin hayaƙi yake yi ya turnuƙe ɗaki. Ko na gasken yana barin baƙi a jikin ƙarfe in aka kusanto da shi, don haka ana riƙe shi nesa kaɗan. Fitilar mai kuma a ɗora ta a kan farantin ƙarfe nata daban, a bar tazarar ɗani tsakaninta da jan ƙyallen nan, a kashe ta da fure ko a ja lagwanin cikin mai kafin a fita daga gida. Ba sa hure ta da baki.

Yaya Hajjo ta rubuta:

Baba ya tuna mini abu ɗaya. Farantan da ake tallatawa da cewa an riga an yi musu karatu a masana'anta, masu tafarkin ba sa lissafa su cikin waɗanda aka yi wa prana pratishta, domin a wurinsu ana yin ta ne da sunan wanda zai riƙe hidimar, yawanci a gabansa. In irin wannan ya shigo gida, abin da ake yi shi ne a wanke shi da ruwa da ɗanyar madara, a tsane, a ajiye shi a matakin hidima biyar har sai an samu guru. Da yawan malamai ma sukan ce wa magidanci mai fita aiki da asuba ya bar shi a haka, kada ya nemi a yi masa babbar hidimar sai ya tabbata akwai wani a gidan da zai karɓe shi ranar da ba ya nan.